Mai riƙe da makulli, shi ke da alhakin magani

Ranar 20 ga watan Janairu na shekarar 2025, wato ranar da aka rantsar da shi karo na biyu, shugaban Amurka Donald Trump ya sa hannu a kan wata takardar umurni mai lamba 14168. Daga cikin abin da takardar ta ƙunsa akwai magana biyu da suka shafi gidajen kaso na gwamnatin tarayya. Ta farko, kada a ajiye wanda aka haifa namiji a gidan kason mata. Ta biyu, kada a ƙara kashe kuɗin gwamnati wajen ba ɗan kaso magani ko yi masa aikin likita domin kamanninsa su koma na ɗayan jinsin. Ba a yi wata biyar ba, ranar 3 ga watan Yuni na wannan shekara ta 2025, wani alƙali a birnin Washinton mai suna Royce Lamberth ya umurci hukumar gidajen kason da ta ci gaba da ba mutanen maganinsu har a gama shari'a. Shi wannan alƙali, shugaba Ronald Reagan ne ya naɗa shi tun 1987, kuma Reagan ɗan jam'iyya ɗaya ne da Trump. Hujjarsa ita ce likitocin hukumar da kansu suka rubuta wa mutum fiye da 600 wannan magani, kuma hukumar ta kasa kawo dalilin da zai sa a soke abin da likitocinta suka ce wajibi ne.

Mun san da yawa daga cikin masu karatunmu, da jin an ambaci masu sauya jinsi, za su yamutsa fuska su ce ina ruwanmu da rigimar Amurkawa. Muna roƙon a yi haƙuri a bi mu zuwa ƙarshe. Ba mu ɗauki alƙalami domin mu sa kowa ya so abin da zuciyarsa ta ƙi ba. Tambayar da ke gabanmu tsohuwa ce, kuma ta girmi wannan rigima nesa ba kusa ba: in hukuma ta kulle mutum, ta sa makullin a aljihunta, sannan ciwo ya kama shi, wa ke da ikon cewa a yi masa magani ko a bar shi, likita ko ɗan siyasa? Shari'o'in masu sauya jinsi sun zama ma'aunin wannan tambaya ne saboda su ne ƴan kason da jama'a suka fi ƙyama, kuma a kan wanda ake ƙyama ake gane ko doka doka ce ko kuwa magana ce ta fatar baki.

Bari mu fara da fayyace waɗanda ake magana a kansu, domin ana yawan haɗa su da wasu. Ba su ne mata-maza ba, waɗanda ake haifa da halitta mai ruɗani. Waɗannan an haife su da cikakkiyar halittar namiji ko ta mace, amma tun suna ƙanana suke jin kansu a ɗayan jinsin. A wajen wasunsu wannan saɓani tsakanin jiki da abin da rai ke ji yana zama ƙunci mai tsanani, mai hana barci da cin abinci, mai kai mutum ga yanka jikinsa ko neman halaka kansa. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya wannan ƙunci cikin kundinta na cututtuka na shekarar 2013 da sunan da za mu iya fassarawa da ƙuncin jinsi. Hanyoyin da likitoci ke bi su ne zama da likitan ƙwaƙwalwa, da ba da sinadarin homon ta ƙwaya ko ta allura, sannan ga wasu kaɗan, aikin tiyata. Mai karatu yana iya samun nasa ra'ayi a kan duk wannan. Amma kotunan Amurka, har da waɗanda suka hana tiyatar, sun yi shari'o'insu a kan cewa ƙuncin kansa ciwo ne na gaske mai buƙatar kulawar likita. Gardamar tana kan irin maganin ne.

Tushen dokar bai da alaƙa da jinsi ko kaɗan. Ya samo asali ne daga ɗaurin auduga. A watan Nuwamba na 1973, wani ɗan kaso a jihar Tegzas mai suna Gamble yana sauke kaya daga mota, sai ɗaurin auduga mai nauyin kimanin kilo 270 ya faɗo masa. Bayansa ya riƙe, ya ce ba ya iya aiki, aka kulle shi a ɗakin horo saboda ƙin aiki. Da hannunsa ya rubuta ƙara, ƙarar ta yi ta hawa har ta kai Kotun Ƙoli. A 1976 kotun ta yanke hukunci ta bakin alƙali Thurgood Marshall, baƙar fata na farko da ya zauna a wannan kotu. Kundin tsarin mulkin Amurka, a gyara na takwas da aka yi masa a 1791, ya hana horo na zalunci da ya wuce ƙa'ida. Kotun ta ce ɗan kaso ba shi da wata hanyar zuwa wurin likita sai ta hannun masu tsaronsa, in sun ƙi, shi ke nan, don haka kau da kai da gangan daga ciwo mai tsanani na ɗan kaso yana cikin horon zaluncin da kundin ya hana. Abin lura, shi Gamble bai ci riba a kan likitocinsa ba, domin an duba shi sau 17 cikin wata uku, kotu ta ce kuskuren likita daban, kau da kai da gangan daban. Ke nan tun daga farko dokar ba ta yi wa ɗan kaso alkawarin duk maganin da ransa ke so ba. Abin da ta hana shi ne a san mutum yana cikin azaba, a san maganinta, a juya masa baya.

Ɗan kasuwa zai fi kowa saurin gane wannan. In wani ya kawo maka ajiyar buhunan hatsi, ka karɓa, ka kulle sito, ka riƙe makulli, to ruwan da ya zuba ta rufi ya jiƙa hatsin a wuyanka yake, ko kana son mai hatsin ko ba ka sonsa. Ba za ka ce masa ai shi mutumin banza ne, shi ya sa ka bar hatsinsa ya ruɓe ba. Ɗan kaso ajiya ne a hannun hukuma. Mutumin da ke waje, in gwamnati ta ƙi shi, yana iya cin bashi, ya sayar da akuya, ya shiga mota ya tafi wani asibiti. Na ciki an raba shi da duk wannan, kuma hukuma ce ta raba shi. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Shari'a ta biyu da ta kafa tubali ita ce ta 1994, kuma a nan ne mai sauya jinsi ya fara shiga tarihin Kotun Ƙoli. Dee Farmer, wadda aka haifa namiji take rayuwa a matsayin mace, an ɗaure ta shekara 20 a 1986 saboda zamba da katin banki. A 1989 aka maida ta babban gidan kason maza na Terre Haute a jihar Indiyana, wurin da ake ajiye masu manyan laifuka. Cikin kimanin mako biyu wani ɗan kaso ya yi mata duka ya yi mata fyaɗe a ɗakinta. Kotun Ƙoli, ta bakin alƙali David Souter, ta ce jami'in da ya san akwai babban haɗari a kan lafiya ko ran ɗan kaso, ya yi biris, to ya taka kundin tsarin mulki, kuma ana iya gane ya sani in haɗarin a fili yake ga duk mai ido. Wannan hukunci yau ana kafa hujja da shi a dubban shari'o'in ƴan kaso waɗanda ba su da wata alaƙa da jinsi: mai ciwon zuciya da aka hana shi ƙwayarsa, mai taɓin hankali da aka jefa ɗakin kaɗaici, ƙaramin yaro da aka haɗa da riƙaƙƙun ƴan ta'adda. Rijiyar da mutum ɗaya abin ƙyama ya haƙa, ga shi kowa yana sha.

Ma'aikatan gwamnati da ke karanta mu su lura da wani abu a nan. Hukuncin 1994 ya ɗora alhaki a kan jami'in da ya sani da kansa. Wanda takardar likita ta biyo ta teburinsa, ya karanta, ya tura ta cikin durowa, shi ake kira gaban alƙali da sunansa.

Daga nan sai rigimar magani ta taso gadan-gadan. Majalisar jihar Wiskonsin ta yi doka a 2005 wadda ta hana ba kowane ɗan kaso sinadarin homon ko yi masa tiyatar sauya jinsi, ko likita ya ce me. Da dokar ta fara aiki a 2006 aka soma rage wa masu shan maganin, wasunsu sun shekara da shekaru a kansa. Shaidar da aka kawo gaban kotu ta nuna cewa yanke wannan magani farat ɗaya yana iya kawo hawan jini, da zubewar tsoka, da baƙin ciki mai kai wa ga neman kashe kai. A 2011 kotun ɗaukaka ƙara da ke Shikago ta rushe dokar. Ta ba da misali mai sauƙi: da majalisa za ta yi doka ta ce mai ciwon daji a gidan kaso ba a ba shi komai sai maganin rage zafi da lallashi, ba wanda zai yi jinkirin cewa dokar ta saɓa wa kundin tsarin mulki. To, haka wannan.

Batun tiyata kuwa ya raba kan alƙalai. A jihar Masacuset, wani alƙali mai suna Mark Wolf ya ba da umurni a 2012 a yi wa Michelle Kosilek tiyata, alhali tana zaman ɗaurin rai da rai ne saboda kisan matar aurenta a 1990. Ƙasa ta ɗauki zafi. A 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta Boston ta soke umurnin da rinjayen alƙalai uku a kan biyu, ta ce tunda hukuma tana ba da homon da kulawar likitan ƙwaƙwalwa, kuma tana da damuwa ta tsaro, ba za a ce ta kau da kai ba. A watan Maris na 2019 kotun ɗaukaka ƙara mai kula da Tegzas ta wuce nan, ta ce jiha tana iya hana tiyatar ga kowa da kowa saboda likitoci ba su haɗu a kan amfaninta ba. Wata biyar bayan haka, a Agusta na 2019, kotun ɗaukaka ƙara mai kula da jihohin yamma ta yanke akasin haka a shari'ar Adree Edmo ta jihar Aidaho, wadda sau biyu tana ƙoƙarin yanke al'aurarta da reza a cikin kaso. Kotun ta ce likitan gidan kason ya ga wannan da idonsa bai sake hanya ba, wannan kuwa kau da kai ne. An yi tiyatar a watan Yuli na 2020, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi karɓar ƙarar jihar. Sakamakon haka, ƙasa ɗaya, kundin tsarin mulki ɗaya, amma haƙƙin ɗan kaso ya danganta da jihar da aka kulle shi a cikinta.

Yanzu sai mu saurari masu adawa, domin suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba.

Hujjarsu ta farko kuɗi. Suna cewa da wane dalili talaka mai biyan haraji, wanda shi kansa bai iya biyan kuɗin asibiti, zai ɗauki nauyin maganin mai laifi? Wannan ƙorafi yana da tushe, musamman a Amurka inda miliyoyin mutane ba su da inshorar lafiya. Amma a duba lissafin da aka shimfiɗa gaban kotu a shari'ar Wiskonsin. A lokacin, maganin homon na mutum ɗaya a shekara yana cin dalar Amurka 300 zuwa 1,000. In an lissafa dala guda a kan sefa 600, wajen jikka 180 zuwa jikka 600 ke nan. A 2004 jihar gaba ɗaya ta kashe dala 2,300 ne a kan wannan magani, na mutum biyu, alhali a shekarar ta kashe dala miliyan 2 da rabi a kan wani maganin taɓin hankali guda ɗaya. Tiyatar kanta an ƙiyasta ta a wajen dala 20,000, ƙasa da abin da jihar ta biya na dashen ƙoda ko aikin zuciya ga ɗan kaso ɗaya. A Aidaho kuwa, bayan an sha kaye, kotu ta yanke a 2022 a biya lauyoyin mai ƙara wajen dala miliyan 2 da rabi, wato kusan miliyar 1 da rabi na kuɗinmu. Duk ɗan kasuwar da ya ga wannan lissafi ya san garin neman gira an rasa ido. In talakan waje bai samun magani, gyaran shi ne a sama masa, domin hana na cikin kaso bai taɓa ƙara wa na waje ƙwaya ɗaya ba.

Hujja ta biyu, laifi. Wanda ya kashe rai, in ji su, bai cancanci tausayi ba. Mu ma ba mu ce a tausaya wa Kosilek ba, kuma dangin matar da aka kashe suna da haƙƙin jin zafi har abada. Amma alƙalin da ya yanke hukuncin kisan ya rubuta ɗaurin rai da rai. Bai rubuta ɗauri tare da ciwo marar magani ba. Duk wanda ya ƙara wa ɗan kaso horon da alƙali bai rubuta ba, ya naɗa kansa alƙali na biyu ba tare da doka ba. In aka buɗe wannan ƙofa, gobe mai gadi zai duba fuskar mai ciwon sukari ya auna girman laifinsa kafin ya miƙa masa allurarsa.

Hujja ta uku, saɓanin likitoci, ita ce mafi ƙarfi. Gaskiya ne ana gardama a kan wasu fannoni na wannan magani, musamman ga yara ƙanana, inda Ingila da Suwidin suka ja birki, kuma Kotun Ƙolin Amurka a Yuni na 2025 ta bar jihar Tenesi ta hana shi ga waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Amma ƴan kason da muke magana a kansu baligai ne. Kuma in akwai saɓani tsakanin masana, inda ya kamata a warware shi shi ne ɗakin likita, a kan mutum ɗaya ɗaya, da tarihin ciwonsa a gaba. Akwai wanda zama da likitan ƙwaƙwalwa ya ishe shi, akwai wanda homon ya ishe shi, akwai wanda aka riga aka yi wa tiyata tun kafin a kama shi, jikinsa ya daina samar da sinadarin da kansa, in an yanke masa ƙasusuwansa su yi rauni. Doka ɗaya mai cewa a'a ga kowa ba ta iya bambanta waɗannan mutane uku. Saɓanin masana dalili ne na yin taka-tsantsan, a yi bincike mai zurfi kafin a kai kowa ɗakin tiyata. Bai zama dalilin ƙwace alƙalami daga hannun likita a miƙa wa mai neman ƙuri'a ba.

Kuma neman ƙuri'a yana ciki, kada mu yaudari kanmu. A yaƙin zaɓen 2024 an kashe miliyoyin dala wajen tallar talabijin da ke sukar Kamala Harris saboda amsar da ta bayar a 2019 cewa tana goyon bayan a yi wa ƴan kaso wannan aiki in likita ya ce wajibi ne. Ƙasar da ke tsare da mutum kusan miliyan 2 a gidajen kaso da na wakafi, aka maida ƴan kaɗan daga cikinsu abin kiɗan gangar zaɓe. Ɗan kaso ba shi da jarida, ba shi da ƙungiyar ƙwadago, a mafi yawan jihohin Amurka ma ba shi da ƙuri'a. Shi ya sa dukansa ke da araha ga ɗan siyasa.

Hujja ta huɗu ta shafi wurin ajiya, kuma a nan muna ganin kowane ɓangare yana riƙe da rabin gaskiya. Matan da ke gidan kaso, waɗanda da yawansu sun sha wuya a hannun maza kafin su shigo, suna da haƙƙin kwana ba tare da tsoro ba. Abin da ya faru a Skotland a Janairu na 2023 ya isa misali, inda aka fara kai wanda kotu ta samu da laifin yi wa mata biyu fyaɗe gidan kason mata saboda ya ce ya sauya jinsi, sai da jama'a suka yi ca aka maida shi na maza. Wannan kuskure ne, kuma dole a kira shi da sunansa. A ɗaya gefen, binciken ofishin ƙididdiga na ma'aikatar shari'ar Amurka na 2011 zuwa 2012 ya nuna kusan kashi 40 cikin 100 na masu sauya jinsi da ke gidajen kaso sun ce an ci zarafinsu ta hanyar lalata cikin shekara guda, alhali a tsakanin ƴan kaso gaba ɗaya kashi 4 ne. Majalisar Amurka ta yi dokar yaƙi da fyaɗe a gidajen kaso a 2003 ba tare da ko mutum ɗaya ya ƙi ba, shugaba George W. Bush ya sa hannu, kuma ƙa'idojin da aka fitar a ƙarƙashinta a 2012 sun ce a duba kowane mutum shi kaɗai kafin a yanke inda za a ajiye shi. Mu a ganinmu hanyar ke nan: a duba laifinsa, da halinsa, da jikinsa, da haɗarin da yake ciki, da haɗarin da zai iya jefa wasu. Sannan a tuna batun ɗakin kwana daban, batun magani daban. Ko a ina aka ajiye mutum, takardar likitansa tana binsa.

Kada a ɗauka Amurka aljannar ƴan kaso ce da har ta kai ga gardamar ƙawa. A 2011 Kotun Ƙoli ta tilasta wa jihar Kalifoniya rage cunkoso a gidajen kasonta, bayan an tabbatar cewa a wani lokaci kusan kowane kwana shida ko bakwai ɗan kaso ɗaya yana mutuwa saboda rashin kulawar likita. Dokar da ta ceci waɗannan dubban mutane ita ce dai dokar Gamble da Farmer. Igiya ɗaya ce ta ɗaure su duka, in aka sassauta ta a kan mai sauya jinsi, ta sassauta a kan mai tarin fuka.

A nan ne maganar ta zo ƙofar gidanmu. Ranar 17 ga Disamba na 2015 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ƙa'idoji 122 na kula da ƴan kaso, aka sa musu sunan Nelson Mandela, mutumin da ya yi shekara 27 a tsare, wanda tarin fuka ya kama shi a kaso a 1988. Ƙa'ida ta 24 ta ce lafiyar ɗan kaso nauyi ne a kan gwamnati, a ba shi kulawa daidai da wadda ake samu a waje, kyauta, ba tare da nuna bambanci ba, kuma kada a katse maganin da ya riga ya fara. Ƙa'ida ta 27 ta ce hukuncin da ya shafi magani na ma'aikatan lafiya ne kaɗai, jami'in da ba likita ba ba shi da ikon soke shi. Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam ta 1981 ita ma, a sashe na 5 da na 16, ta hana wulaƙanci da azabtarwa, ta kuma tabbatar da haƙƙin lafiya ga kowa. Waɗannan ƙa'idoji ba su ware Indiyana daga Damagaram ba. Ciwon da ke damun ƴan kasonmu zazzaɓin cizon sauro ne, da tarin fuka, da hawan jini, da ciwon sukari, da ƙanjamau, amma tambayar ɗaya ce: wa ke yanke hukunci a kan maganin wanda aka kulle? Kuma duk wanda ya ga yadda siyasa ke juyawa a nahiyarmu ya san mai sa hannu a takardar ɗauri yau yana iya zama mai jiran likita a bayan ƙofar ƙarfe gobe. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka matsayinmu a fili yake. Alƙali Lamberth ya yi daidai da ya ƙi yarda a soke takardar likita da takardar siyasa. Maganin da likitan hukuma ya rubuta wa baligi bayan bincike, kada a yanke shi da umurni daga sama. Tiyata, wadda ba a komawa baya daga gare ta, a tsananta bincike a kanta, a nemi ra'ayin likita fiye da ɗaya, amma kada a rufe ƙofarta da doka mai hawa kan kowa. Wurin ajiya a yanke shi mutum ɗaya ɗaya, ana kare matan da ke ciki, ana kuma kare shi wanda ake neman wurin ajiye shi. Wanda duk yake ganin wannan magani bai dace ba, yana da bakinsa da alƙalaminsa da ƙuri'arsa, ya yi gardama da likitoci a fili. Abin da ba shi da haƙƙin yi shi ne ya gwada ra'ayinsa a jikin mutumin da aka kulle, wanda ba shi da wani asibiti sai wanda mai makulli ya buɗe masa.